Littafin Aiki: Sikelin Sito da Firintar Rasit, Direbobi a Wajen Kanel

Litinin, 6 ga Oktoba 2025

Sito ne na hatsi a wajen Ƙofar Guga, Katsina. Gero, dawa da wake ke shigowa daga Mashi da Mai'aduwa, masara daga ɓangaren Funtuwa. Akwai sikelin dandamali mai ɗaukar kilo 300 wanda kansa ya ƙone, amma sel ɗin nauyin da ke ƙarƙashin farantin lafiyarsa ƙalau. Abin da ake so: a aza buhu, kwamfuta ta karanta nauyi, ta ajiye, ta fitar da rasit.

Kayan aiki: ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 4 mai memori gigabayit 2, da Raspberry Pi OS Bookworm a kai, allon HX711 mai juya siginar sel zuwa lamba, firintar zafi mai takarda milimita 58 ta USB.

Shawarar da aka yanke tun yau ita ce ba za mu rubuta komai cikin kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke iko da injin kai tsaye, ba sai ya zama dole. Direban sikeli da na firinta, wato manhajojin da ke magana da na'urorin, duka za su zama manhajoji ne na yau da kullum a waje, kowanne da memorinsa. Dalili: na'urar za ta zauna a sito, wurin da babu mai iya kallon saƙon kanel. Direba na ciki yana da iko da dukkan memorin injin, in ya yi kuskure kowa ya shafa. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Stanford a 2001 ya nuna yawan kurakurai a direbobin Linux ya ninka na sauran kanel sau uku zuwa bakwai. Wannan littafin zai nuna ko shawarar za ta ɗore.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Kaya sun iso daga Kano a motar haya. Pi da cajarsa naira 125,000, firinta 38,000, HX711 guda biyu 5,000, katin memori 8,000, ƙaramar na'urar duba sigina mai layi takwas 13,000. Kuɗin mota 3,000.

HX711 na kan bolt 5, ƙafafun Pi kuwa 3.3 suke ɗauka. An sa rezisto biyu, 10k da 20k, a kan layin DOUT don rage shi kafin ya shiga Pi.

Talata, 14 ga Oktoba

Firinta. Da an soka ta, direban kanel mai suna usblp ya cafke ta ya ba ta /dev/usb/lp0. Ana iya tura rubutu nan kai tsaye kuma zai fito, don haka a faɗi gaskiya ba tilas ba ne a bi ta libusb, ɗakin karatun da ke ba manhajar waje damar magana da na'urar USB. An bi ta can ne saboda abu uku: iyakance lokacin jira a kowace turawa, sanin bayit nawa suka shiga kafin a tsaya, da ikon sake tayar da na'urar daga cikin manhaja.

Kuskure biyu da kowa zai ci karo da su, a jere. Na farko LIBUSB_ERROR_ACCESS, domin fayilolin /dev/bus/usb na root ne, wato babban mai iko da injin. Maganinsa layi ɗaya na udev, mai tsara izinin na'urori, da ke ba rukunin da manhajar ke ciki izinin 0660 bisa lambar kamfani da ta na'ura da lsusb ya nuna. Kada a warware shi da sudo, don yin haka ya rushe rabin amfanin fitowa waje. Na biyu LIBUSB_ERROR_BUSY a wajen libusb_claim_interface, domin usblp na riƙe da ita. A kira libusb_set_auto_detach_kernel_driver kafin nan, ya sake ta, in an rufe ya mayar masa.

ESC @ (1B 40) don share saiti, rubutu, sai layi huɗu babu komai don takarda ta kai bakin yanka. Rasit na farko ya fito.

Laraba, 15 ga Oktoba

Firintar ba ta san ƙ, ɗ da ɓ ba. Babu su a teburan haruffan da ke cikinta, don haka "ƙwarya" da "ɗanye" suna fita da alamar tambaya. An koma zana rasit ɗin baki ɗaya a matsayin hoto: FreeType ya zana haruffa, a tura da umarnin GS v 0 (1D 76 30). Faɗin kan firinta ɗigo 384 ne, wato bayit 48 kowane layi.

Nan ne riba ta farko ta fito fili. Cikin kanel babu FreeType, babu ɗakin karatun C na yau da kullum, lissafin lamba mai ɗigo ma sai da dabara. A waje kuwa layi ɗaya ne a Makefile, ga gdb da valgrind na farautar kuskure.

Talata, 21 ga Oktoba

Sikeli, kuma nan aka sha wuya.

Yadda HX711 ke magana: in karatu ya shirya, DOUT ya sauka ƙasa. Sai a buga layin PD_SCK sau 24, kowane bugu ya fito da bit ɗaya, babba a gaba. Bugu na 25 ya zaɓi tashar A da ƙarin ƙarfi 128 don karatu na gaba. Sel ɗin 2 mV/V ne, don haka bisa lissafi kilo ɗaya ya kamata ya ba da kusan 14,300, abin da aka gani kuma bai yi nisa da haka ba.

An rubuta bugun da libgpiod ta /dev/gpiochip0. Yawancin karatu daidai ne, amma lokaci-lokaci sai lamba ta yi tsalle, buhun kilo 100 ya nuna 103 ko ma ya nuna -1. Da aka buga lambobin a tsarin sha-shida sai alamar ta bayyana: duk waɗanda suka lalace wutsiyarsu F ce zalla, kamar 15FFFF, wani lokaci FFFFFF gaba ɗaya.

Sanadin yana cikin takardar bayanin IC ɗin, wato HX711. In PD_SCK ya zauna sama fiye da maikirosakan 60, HX711 na ɗauka an ce ya kwanta. Ya kashe kansa, in layin ya sauka ya farka daga farko, DOUT ya koma sama, duk bit ɗin da suka rage a karanta su 1. Na'urar duba sigina ta tabbatar: yawancin bugu 'yan maikirosakan ne, sai can a ga ɗaya ya miƙe ya wuce ɗari. A daidai wannan lokacin kanel ya karɓe farosesa daga hannun manhajar, ko don siginar katsewa (kiran gaggawa da na'ura ke yi wa farosesa) ta USB ko Wi-Fi, ko mai rabon lokaci ya ba wani. Manhajar waje ba ta da ikon cewa a dakata mata. Ta ɗaga layi, an janye ta, layi ya zauna a sama.

Abin da ya fi tayar da hankali ba -1 ba ne, wannan kowa zai gane. Wanda ya lalace a bit na goma sha wani abu shi ne matsala, domin lambar tana kama da gaskiya, bambancin rabin kilo ne ko ƙasa. A buhu ɗaya ba komai, a mota guda ta hatsi kuwa rigima ce.

Asabar, 25 ga Oktoba

An gwada duk dabarun da aka sani. SCHED_FIFO da chrt -f 50 don ba manhajar fifiko, mlockall don kada memori ya tafi ko'ina, isolcpus=3 a cmdline.txt sannan taskset ya ɗaure manhajar a ƙwayar farosesa ta huɗu. Lalacewa ta ragu ƙwarai, har a yi awa ba a ga ko ɗaya ba. Amma da firinta ta fara aiki ana kwafar fayil a lokaci guda, sai ta sake leƙowa. An gudu ba a tsira ba.

Tace karatu ta hanyar ɗaukar na tsakiya cikin biyar yana ɓoye matsalar, sai dai kowace farkawar IC na cin kusan milisakan 400 kafin ya daidaita a gudun karatu 10 a sakan. 'Yan dako ba za su tsaya jiran wannan ba.

An duba direban hx711 da ke cikin kanel, a sashen iio. Abin da yake yi a wurin bugun ba ɓoyayye ba ne: local_irq_save, ɗaga layi, jira kaɗan, sauke, local_irq_restore. Wato ya toshe kunnen farosesa na ɗan lokacin. Wannan kira ɗaya shi ne abin da waje ba shi da shi, kuma da gangan aka hana shi, domin manhajar da za ta iya kashe siginar katsewa za ta iya daskarar da injin.

Asabar, 1 ga Nuwamba

An samu mafita ba tare da shiga kanel ba. Maimakon manhaja ta riƙa ɗaga ƙafa da saukewa, an ba injin SPI na Pi aikin, wato ɓangaren da ke turawa da karɓar bit a jere da kansa. MOSI, layin fita, ya tafi PD_SCK, MISO, layin shiga, ya karɓi DOUT, layin agogon SPI kansa ba a haɗa shi da komai ba.

A tura bayit 0xAA, wato 10101010, bugu huɗu ke nan. Guda shida sun ba da 24. Na bakwai 0x80, bugu na 25. A gudun megahaz 1 kowane bugu maikirosakan ɗaya ne a sama, kuma injin ne ke fitar da shi daga ma'ajiyarsa, ko an janye manhajar ko ba a janye ba. Ko da an sami tazara tsakanin bayit da bayit, kowanne da 0 yake ƙarewa, layin a ƙasa zai jira. Daga kowane bayit da ya dawo a ɗebi bit na 6, 4, 2 da 0. Don sanin ko karatu ya shirya, a tura 0x00, in 0x00 ya dawo to DOUT na ƙasa.

Duka ioctl ɗaya ne na SPI_IOC_MESSAGE a kan /dev/spidev0.0. An cire isolcpus, an cire SCHED_FIFO. An bar shi kwana yana karatu ana buga rasit a kai a kai, babu wutsiyar F ko ɗaya.

Sharaɗi: HX711 ba ya sakin DOUT, don haka babu wata na'ura da za ta raba wannan SPI ɗin da shi.

A lura da yadda aikin ya rabu. Sanin IC ɗin, tsarin bit, tacewa, awo, duk suna waje. Kanel ya riƙe spidev da direban injin SPI, waɗanda dubban mutane ke amfani da su kullum. Haka ma firinta: libusb na waje, amma xhci da usbfs na ciki ne ke taɓa ƙarfen. Abin da muke kira direban waje a nan bai taɓa rajistar na'ura (wurin da ake rubuta mata umarni kai tsaye) ko ɗaya da hannunsa ba.

Talata, 4 ga Nuwamba

An aro duwatsun awo na kilo 20 guda biyar, an daidaita a sifili, 40 da 100. An ajiye lambobin a fayil.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Gwajin faɗuwa, don a ga ko hujjar farko gaskiya ce. An yi kwafi biyu na direban sikeli, ɗaya module, wato direban da ake lodawa cikin kanel, da aka gyaro daga hx711.c, ɗaya namu na waje, aka dasa wa kowanne kuskure iri ɗaya da gangan: taɓa adireshin NULL bayan karatu na ɗari.

Na waje: ya faɗi da SIGSEGV, systemd mai kula da manhajoji ya gani, Restart=always da RestartSec=1 suka tayar da shi. Allon akawu ya nuna layi-layi na kusan sakan biyu ya dawo. Firinta ba ta ma san an yi ba. Ga fayil ɗin core, gdb ya nuna layin.

Na ciki: oops a dmesg, manhajar da ke karatu ta mutu, module ya maƙale, rmmod ya ce ana amfani da shi. Sai da aka sake kunna injin. Da aka mayar da kuskuren cikin mai amsa siginar katsewa, sai "Fatal exception in interrupt", komai ya tsaya cak. Irin wannan ne ya faru a duniya ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da direban kanel na CrowdStrike ya kayar da kwamfutocin Windows da Microsoft ta ƙiyasta miliyan 8.5.

Tunanin ba sabo ba ne. Minix 3 na Andrew Tanenbaum na da wani shiri da aikinsa kawai ya duba direbobi ya tayar da wanda ya mutu. QNX ma da direbobi a wajen kanel aka gina shi. Windows na da UMDF, Apple ta kawo DriverKit a 2019. A namu an ƙara WatchdogSec=5 a systemd don kama wanda bai mutu ba amma ya sandare.

Wani abu da ya biyo baya: apt upgrade ya kawo sabon kanel, insmod ya ƙi tsohon module da "Invalid module format". Sai an sake harhaɗa shi ko an sa DKMS mai yin hakan da kansa. Na waje ya tashi kamar ba a yi komai ba, domin Linux na kiyaye ƙofofin da ke fuskantar waje, na cikin gida kuwa yana canza su yadda ya ga dama. Ba a ce waje babu irin tasa ba: libgpiod ta canza kiranta gaba ɗaya daga 1.6 zuwa 2, kuma maɓallinmu na mayar da sikeli sifili a kan 1.6 yake.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Matsala mafi girma tun ta HX711, kuma ta rage wa sakamakon makon jiya armashi.

An kashe direban firinta da kill -9 ana tsakiyar buga rasit. Ya tashi cikin sakan ɗaya kamar yadda aka tsara, ya tura ESC @, ya tura sabon rasit. Abin da ya fito baƙaƙen zane ne da tarkacen haruffa, takarda ta yi ta zuba har ta kusa kai ƙasa.

Direba ya tashi sabo, firinta kuwa ba ta tashi ba. Umarnin GS v 0 yana faɗa mata tun farko bayit nawa za ta jira. An ce mata hoto mai layi 600, wato bayit 28,800, ta karɓi rabi aka yanke. Duk abin da ya zo bayan nan, har da ESC @ ɗin, ta haɗiye shi a matsayin sauran hoton. Da ta cika adadinta sai ta fara fassara tsakiyar sabon hoton a matsayin umarni. Kamar ɗan aike ne da aka canza wa mai aike ana tsakiyar ba shi saƙo, ya haɗa rabin na farko da rabin na biyu ya kai.

An gwada SOFT_RESET na ajin firintocin USB, buƙata mai lamba 2. Wannan firintar ta amsa lafiya amma ba ta zubar da komai ba. libusb_reset_device ya sake tayar da ɓangaren USB ɗinta kawai, mai fassara umarni yana nan inda yake.

Gyara kashi uku. Ɗaya, ba a ƙara tura hoto a dunƙule ba, sai yanki-yanki na layi 24, bayit 1,152 kowanne. Biyu, duk lokacin da direba ya tashi, kafin komai ya tura sifili 1,152. In firinta na jiran sauran yanki, sifilin ya cike mata da fari. In ba ta jiran komai, ta yi watsi da su. Sannan ESC @. Uku, kowane rasit na da matsayi a ma'ajiyar bayanai ta SQLite: an karɓa, ana bugawa, an gama. Wanda aka samu a "ana bugawa" bayan tashi, a sake shi da kalmar KWAFI a sama, lambarsa ba ta canza ba, kada buhu ɗaya ya sami rasit biyu masu lamba daban.

A wannan aikin ne aka ga wani ramin. In takarda ta ƙare, libusb_bulk_transfer na dawo da LIBUSB_ERROR_TIMEOUT, amma wasu bayit sun riga sun shiga, adadinsu na cikin transferred. In aka sake turawa daga farko an koma gidan jiya. A ci gaba daga inda aka tsaya. DLE EOT 4 (10 04 04) na faɗin halin takarda, ana tambaya kafin kowane rasit.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Gwaji na gefe a kan tsohuwar kwamfutar tebur mai Intel VT-d da katin sadarwa na PCIe, domin an tambaya ko kariyar nan ta shafi kowace irin na'ura. Ba ta shafa ba.

Katin PCIe na rubutu cikin memori da kansa ta DMA, ba ya bi ta farosesa. Da UIO, wanda ya shiga Linux a 2.6.23, manhaja na samun rajistocin katin ta mmap a kan /dev/uio0, tana jiran siginar katsewa da read. Amma in ta ba katin adireshin da ba daidai ba, zai rubuta a can, ko da tsakiyar kanel ne. Manhajar na waje, ɓarnar na ciki.

VFIO, daga Linux 3.6 a 2012, shi ya toshe wannan da IOMMU, mai tsaron adireshin da na'ura za ta iya taɓawa. An kunna intel_iommu=on, an duba /sys/kernel/iommu_groups an ga katin shi kaɗai ne a rukuninsa, an ɗaura shi a vfio-pci ta driver_override. Da aka ba shi adireshin banza, dmesg ya nuna DMAR fault, rubutun bai sauka ba, injin ya ci gaba. In da katin ya raba rukuni da wata na'ura, sai an miƙa su duka.

Masu DPDK, manhajar sarrafa katin sadarwa daga wajen kanel, wani dalili ne ya fito da su waje, sauri. A layin gigabit 10, ƙananan fakiti na iya kai miliyan 14.88 a sakan, kusan nanosakan 67 kowanne, ba lokacin siginar katsewa balle shiga da fita kanel. Sai su sadaukar da ƙwayar farosesa guda tana zagaye tana leƙe ɗari bisa ɗari. A sito mai batir da sola wannan ba ciniki ba ne. Sikelinmu karatu goma yake yi a sakan.

Litinin, 8 ga Disamba

An kafa a sito tun makon jiya. Hunturu ya shigo da nasa: iska ta bushe, buhunan leda in an ja su a kan farantin ƙarfe suna tara lantarki, akawu ya taɓa firinta sai ta ɓace daga USB ta dawo da sabon adireshi. Direba na samun LIBUSB_ERROR_NO_DEVICE, ya rufe, ya jira sanarwar hotplug cewa na'urar ta dawo, ya buɗe, ya bi tsarin sifili. Cikin kiran hotplug ɗin tuta kawai ake ɗagawa, ba a tura komai daga can. Da a ce /dev/usb/lp0 ake amfani da shi, in tsohon fayil na buɗe da firintar za ta iya dawowa a lp1.

An kafa sandar ƙarfe a ƙasa an ɗaure farantin sikeli da ita, an canza wayar USB zuwa gajeriya mai zoben ferrite. Sanda da waya naira 14,500. Ɓacewar ta ragu sosai.

Mai sito ya ce, "Malam, da rana sifilin nan yana tafiya." Haka ne, ƙarƙashin kwano sel na ɗumama, sifili na gusawa da giram ɗari da wani abu. Yanzu in farantin ya zauna babu kaya na sakan goma kuma karatu na cikin giram 300 na sifili, manhaja na gyara shi da kanta. An canza ta ana tsakiyar ciniki da systemctl restart, tsakanin buhu da buhu.

Asabar, 13 ga Disamba

An ɗauke wuta sau da yawa, batir ya riƙe. vcgencmd get_throttled ya nuna an taɓa samun ƙarancin bolt lokacin da firinta ke buga baƙi mai yawa, an raba musu caja.

Jimlar kashewa zuwa yau naira 213,000 har da ƙananan kaya.

Mako mai zuwa: mayar da tushen katin memori na karatu kawai da overlay, bayanai su koma wani ɓangare daban, sa DeviceAllow a fayilolin systemd don direban sikeli ya ga spidev0.0 kaɗai, na firinta ya ga USB kaɗai. Sake rubuta maɓallin sifili da libgpiod 2 kafin a koma Trixie, fitowar Raspberry Pi OS da ta biyo bayan Bookworm. Sikeli na biyu da ake so a ƙofar baya yana da nisan mita 25, SPI ba zai kai ba, don haka za a sa masa Raspberry Pi Pico kusa da sel ya karanta HX711, ya aiko da lamba ta RS-485 mai jure doguwar waya.